Mutuwar baje kolin E3: Kamfanonin gem sun huta, mai saye ne ya yi asara

Ranar 12 ga Disamban 2023, ƙungiyar kamfanonin wasannin bidiyo ta Amurka, ESA, ta fitar da gajeriyar sanarwa cewa ta rufe E3 har abada. E3 shi ne baje kolin da ya shafe fiye da shekara 20 yana tara manyan kamfanonin gem na duniya a waje ɗaya, galibi a birnin Los Angeles, cikin watan Mayu ko Yuni. Sau da yawa a can ne ake fara taɓa sabuwar PlayStation ko Xbox, a ji farashinta, a kuma san wasannin da za su cika kantuna a ƙarshen shekara.

Sanarwar ba ta ba kowa mamaki ba, domin rabon da a yi taron ido da ido tun 2019. Mutane da dama sun ɗora laifin a kan annobar korona, amma korona ta tarar da mara lafiya ne a kwance. Kamfanonin da suka gina E3 su ne suka riƙa zare jiki ɗaya bayan ɗaya, bayan sun gano za su iya tallata hajarsu ba tare da sun tsaya kusa da abokin hamayya ba.

Su kam sun huta da kashe kuɗi. Mai saye kuwa ya rasa makon da ake tilasta wa manyan kamfanoni su faɗi farashinsu da sharuɗɗansu a bainar jama'a, kowa na jin na kowa. Tarihin waɗannan tarukan ya nuna irin amfanin da wannan tilas ɗin ya yi wa masu buga gem, har da waɗanda ba su taɓa taka Amurka ba.

Zaman haya a kasuwar wasu

Kafin E3, masu gem ba su da kasuwar kansu. Suna raɓewa ne a CES, baje kolin kayan lantarki da aka fara a New York a 1967, wanda daga baya ya koma sau biyu a shekara, ɗaya a Las Vegas a watan Janairu, ɗaya a Chicago a watan Yuni. Masu talabijin da rediyo su ne 'yan gida a wajen, su kuwa masu gem ana musu kallon 'yan rakiya.

A wancan zamanin wasa kaset ne da ake sakawa a kwali, a loda a mota, a jera a kan kanta. Idan wakilan manyan kantuna ba su yi odarsa ba, komai daɗinsa ba zai isa hannun mai buga shi ba. Saboda haka duk wata rumfa da kamfani zai kafa, domin 'yan sari ya kafa ta.

Labarin Nintendo ya nuna ƙarfin 'yan sarin nan. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, bayan an cika kantuna da wasanni marasa inganci, 'yan kasuwa suka tafka asara. Da Nintendo ya kai na'urarsa CES a Janairun 1985, bai samu masu oda ba. Sai ya sake mata fasali da suna, ya haɗa ta da wani ɗan mutum-mutumi domin ta shiga sahun kayan wasan yara, ya dawo da ita a watan Yuni da sunan NES. Duk da haka, sai da ya yi wa kantunan New York alkawarin karɓar duk abin da bai sayu ba kafin suka yarda suka ajiye ta.

NES ta farfaɗo da kasuwar, kuɗi suka shigo, amma matsayin masu gem a CES bai canza ba. Tom Kalinske, wanda ya shugabanci Sega a Amurka, ya sha ba da labarin yadda a farkon shekarun 1990 aka tura su cikin wani tanti, ruwan sama ya riƙa yoyo a kan na'urorinsu na Genesis.

Abin da ya haɗa kansu daga ƙarshe tsoron gwamnati ne. A Disamban 1993, Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka kira zaman jin bahasi a Majalisar Dattawan Amurka kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat da Night Trap. Aka gaya wa kamfanoni su tsara yadda za su tantance kayansu, ko kuma doka ta yi musu. A 1994 suka kafa ƙungiyar IDSA, wadda ta koma ESA a 2003, tare da hukumar ESRB mai rubuta shekarun da suka dace da kowane wasa. Da ƙungiya ta samu, sai batun kasuwar kai ya biyo baya.

Ranar da aka faɗi 299

An buɗe E3 na farko ranar 11 ga Mayun 1995 a Los Angeles, mutum fiye da 40,000 suka halarta. Tun a ranar farko aka ga irin abin da tara abokan hamayya a zaure ɗaya ke haifarwa.

Sega ya riga ya sanar cewa sabuwar na'urarsa, Saturn, za ta fito a watan Satumba. Sai Kalinske ya hau dandamali ya ce ai ta riga ta isa wasu zaɓaɓɓun kantuna, a kan dala 399. Da lokacin Sony ya yi, wanda a sannan baƙo ne a harkar, aka kira shugaban sashensa na Amurka, Steve Race, ya yi ɗan jawabi kan PlayStation. Ya zo ya ce "299", ya koma ya zauna. Zaure ya ɗauki tafi.

Ratar dala 100 da aka faɗa a gaban 'yan sari da 'yan jarida ta bi Saturn har ƙarshen rayuwarta. Kantunan da Sega ya tsallake wajen rabon farko sun ji haushi, har KB Toys ya daina ajiye kayansa. A 2001 Sega ya daina ƙera na'urori gaba ɗaya. Akwai wasu dalilan da suka jawo hakan, amma masu bin tarihin harkar kan fara lissafi ne daga wannan rana.

An maimaita irin haka a 2006. Sony, wanda a lokacin shi ne ke kan gaba, ya sanar cewa babbar PlayStation 3 za ta kai dala 599, abin ya zama abin ba'a a intanet. A ɗaya ɓangaren zauren kuwa, mutane na shafe sa'o'i a layi domin su gwada Wii ta Nintendo, na'urar da ba ta kai ta Sony ƙarfi ba. Waɗanda suka riƙe ta a hannu suka fita suna ba da labari. Gani ya kori ji.

Kwana tara na 2013

Misalin da ya fi shafar talaka mai buga gem shi ne na 2013. Microsoft ya zo E3 da Xbox One a kan dala 499, ɗauke da sharuɗɗa biyu masu nauyi. Na farko, dole na'urar ta shiga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kowace sa'a 24, in ba haka ba wasanni su ƙi buɗewa. Na biyu, an taƙaita yadda mutum zai sayar da faifan da ya saya ko ya ba wani.

Da yammacin ranar, 10 ga Yuni, Sony ya hau nasa dandamalin. Jack Tretton ya ce PlayStation 4 za ta karɓi faifai na hannu, kuma ba sai ta riƙa shiga intanet kullum ba. Aka kuma sanar da farashi, dala 399. Kamfanin ya ƙara da wani bidiyo da bai kai minti ɗaya ba, inda wani jami'insa ya miƙa wa wani faifai, wai yana koyar da yadda ake aron wasa a PlayStation 4. Ranar 19 ga Yuni, kwana tara kacal bayan haka, Microsoft ya janye sharuɗɗan biyu.

Wannan rigimar ta Los Angeles ta taɓa Kano da Damagaram. A Najeriya da Nijar, yawancin na'urori da faya-fayan da ke gidajen gem, inda matasa ke biya su buga ƙwallo, na hannu ne. Data na da tsada, wuta ba ta da tabbas. Da tsarin Microsoft ya tsaya, kuma Sony ya bi sahu, da irin wannan sana'ar ta shiga wani hali. Sony ya ga gaba ɗaya duniya na kallo, ya ga ribar da ke cikin saɓa wa abokin hamayyarsa a daren, ya kuma ɗauke ta.

Yadda 'yan gida suka watse

Tun E3 na ganiyarsa kamfanoni ke kuka da tsadarsa. Babbar rumfa kan ci miliyoyin daloli saboda kwana uku. A 2005 mahalarta sun kai kimanin 70,000, manyan kamfanoni suka ce hayaniya ta hana ciniki. ESA ta saurare su, a 2007 ta mayar da taron Santa Monica, sai wanda aka gayyata, kimanin mutum 10,000. A 2008 adadin ya sauka zuwa kusan 5,000. Aka ga taron ya zama kufai, sai aka dawo da tsohon salo a 2009.

A daidai lokacin, tushen da aka gina taron a kai na zaizayewa. Kantin intanet na Steam ya fara aiki a 2003, kantunan manhajojin waya suka zo a 2008, Sony da Microsoft da Nintendo duk suka buɗe nasu. Wasan da ake saukewa kai tsaye ba ya bukatar kwali, ba ya bukatar kanta, ba ya bukatar ɗan sari. Wasannin waya, waɗanda a yau ke samar da kusan rabin kuɗin da harkar ke samu a duniya, ba su taɓa dogara da E3 ba.

YouTube da Twitch kuma sun rage bukatar ɗan jarida a tsakani. Nintendo ne ya fara gane haka sosai. A Oktoban 2011, ƙarƙashin Satoru Iwata, ya fara shirin Nintendo Direct, bidiyon da ake naɗa tun da wuri a saki a ranar da kamfani ya ga dama. A 2013 ya daina yin babban taron dandamali a E3, ko da yake ya ci gaba da kafa rumfa. A 2016 Electronic Arts, mai wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, ya fice daga zauren ya shirya nasa taron.

ESA ta nemi cike gurbin da jama'ar gari. A 2017 ta sayar musu da tikiti 15,000, karon farko da ta buɗe musu ƙofa haka, bayan shekara 22 tana tsare ta. Gyaran ya zo a makare. A 2019 Sony ya ƙi zuwa, karo na farko a tarihin taron, ya kuma fara nasa shirin intanet mai suna State of Play. A watan Agustan shekarar aka gano cewa shafin ESA ya bar sunaye da adireshi da lambobin wayar 'yan jarida da masu sharhi fiye da 2,000 a buɗe.

Sai korona ta zo. Aka soke na 2020, aka yi na 2021 ta intanet, aka soke na 2022. Na 2023 ma an shirya shi, amma aka soke a watan Maris bayan manyan kamfanoni sun ce ba za su zo ba.

Hujjar masu cewa gara da ya mutu

Akwai masu ganin babu abin kuka a nan, kuma suna da hujja. E3 ya sha zama dandalin yaudara. Bidiyon Killzone 2 da Sony ya nuna a 2005 daga baya an tabbatar ba ainihin wasan ba ne, hoton abin da ake fatan cimmawa ne. Watch Dogs na Ubisoft ya burge kowa a 2012, amma da ya fito a 2014 aka yi ta ƙorafin hotonsa bai kai wanda aka nuna ba. Cyberpunk 2077 ya samu gagarumar tarba a 2019, har jarumin fim Keanu Reeves ya hau dandamali dominsa. Da ya fito a Disamban 2020 cike da matsaloli, sai da Sony ya cire shi daga kantinsa na tsawon watanni.

Ma'aikata ma sun sha wahala, domin sukan bar ainihin aikinsu su shafe makonni suna haɗa ɗan samfurin da za a nuna a taron. Sannan bidiyon intanet ya fi adalci ta wata fuska: yaron da ke Zariya da wayarsa yana ganin sanarwa a daidai lokacin da babban edita a Amurka ke ganinta.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai rufe kasuwa bai kawar da ƙarya a talla ba, ya dai kawar da maƙwabcin da zai tona ta nan take. Bidiyon da aka naɗa aka tace ba ya tuntuɓe, ba a yi masa ihu, ba a tare shi a bakin ƙofa da tambaya. A zauren E3 kuwa, bayan jawabi ya ƙare akwai na'urori a jere, akwai dubban hannaye da za su gwada, akwai shugaban kamfani da dole ya zauna da 'yan jarida washegari.

Kasuwar da kowa ke cin tasa shi kaɗai

A Satumban 2024, Sony ya gabatar da PlayStation 5 Pro cikin wani bidiyo na kimanin minti tara. Farashi dala 699.99, kuma babu wajen saka faifai sai an saya daban. Kamfanin da ya sha tafi a 2013 saboda kare faifai na hannu shi ne yanzu ke sayar da na'urarsa mafi tsada ba tare da wajen faifan ba. An yi ta surutu a intanet, amma babu wanda zai hau dandamali da yamma ya amfana da surutun.

Ranar 2 ga Afrilun 2025, Nintendo ya yi shirin kusan sa'a guda kan Switch 2 bai ambaci farashi ba. Sai bayan an gama aka gani a rubuce: na'ura dala 449.99, wasan Mario Kart World dala 79.99 a Amurka. Masu kallo suka cika shafinsa da kiran a rage kuɗi. Ba a rage ba, kuma kamfanin ya ce ya sayar da na'ura fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗun farko.

Ba za a ce da E3 na nan da farashin bai tashi ba, domin tsadar kayan haɗi da haraji na da nasu tasirin. Abin da ya canza shi ne kowane kamfani yanzu shi ke zaɓar ranarsa, shi ke zaɓar abin da zai faɗa da wanda zai bari a karanta daga baya.

Ƙananan kamfanoni ma ba su samu sauƙin da aka zata ba. A zamanin E3, kamfanin Devolver Digital kan kafa nasa wajen a filin ajiye motoci da ke tsallaken titi, ya ci albarkacin 'yan jaridar da manya suka jawo. Yanzu babban taron watan Yuni shi ne Summer Game Fest, wanda Geoff Keighley ya fara a 2020, kuma ginshiƙinsa jerin tallace-tallace ne. Mujallar Esquire ta ruwaito a 2024 cewa minti ɗaya a shirin kan ci dala 250,000. Wanda ba shi da wannan kuɗin sai ya shiga Steam, inda wasanni fiye da 14,000 suka fito a 2023 kaɗai, ya jira sa'a.

Waɗanda suka tsira

Baje kolin gem bai mutu a ko'ina ba. Tokyo Game Show, wanda aka fara a 1996 a Japan, ya daɗe yana raba kwanakinsa gida biyu, na 'yan kasuwa da na jama'a, kuma a 2018 ya tara kusan mutum 300,000. A Jamus, taron da aka riƙa yi a Leipzig daga 2002 ya bar wa Gamescom fage, wanda aka fara a Kolon a 2009. A 2017 Shugabar Gwamnati Angela Merkel ce ta buɗe shi. Ya samu mahalarta 373,000 a 2019, korona ta dakatar da shi, ya dawo ya kai 335,000 a 2024.

Bambancinsu da E3 a fili yake. E3 an gina shi ne domin ɗan sari, da ɗan sari ya rage amfani sai ginin ya rasa abin dogaro. Su kuwa waɗannan tun asali sun ba mai buga gem waje, kuma shi har yanzu yana da dalilin sayen tikiti ya bi layi, domin ya taɓa abin da hannunsa. Sai dai su ma ba su gaji cikakken ƙarfin E3 ba. Manyan kamfanoni na zuwa shekarar da suka ga dama, kuma sanarwar farashi da sabuwar na'ura sukan ajiye ta ga nasu shirin.

Don haka aikin da zauren Los Angeles ke yi ya dawo wuyan 'yan jarida da masu saye. Kafafen da ke ba da labarin gem ya kamata su daina kwafe sanarwar kamfani su liƙa, su riƙa jera farashi da sharuɗɗan na'urori kusa da juna, su kuma tuna wa mutane alkawarin bara. Mai saye kuma ya guji cinikin biri a sama. Biyan kuɗin wasa tun bai fito ba, saboda bidiyon minti biyu, shi ne abin da kamfanoni suka fi so, kuma shi ne ya cuci waɗanda suka sayi Cyberpunk 2077 a ranar farko. Mai gidan gem da zai zuba jarinsa a sabuwar na'ura ya fara tambaya ko tana cin faifai, ko tana aiki ba intanet, da kuma abin da waɗanda suka buga ta mako biyu suka ce.